Tsaron Raga a Hokin Ƙanƙara: Jagora ga Sabon Gola da Iyayensa

Duk shekara idan Satumba ta kama aka buɗe filayen ƙanƙara a nan Winnipeg, akan kawo mini sababbin yara masu son tsaron raga, kuma kusan dukkansu cuta ɗaya ke damunsu. Ɗan wasa na ɗaga sanda, tun faifai bai bar ƙasa ba, yaro ya riga ya zube bisa gwiwa. Mai bugu sai ya ɗan jinkirta, ya dube shi, ya ɗaga faifan ta saman kafaɗarsa. Yaron ya saba ganin manyan masu tsaron raga a talabijin suna zubewa, sai ya ɗauka zubewar ce sana'ar. Bai ga aikin ƙafa da aikin ido da suka riga zubewar ba, domin kyamara faifai take bi, ba ta bin gola.

Na daɗe ina tsaron raga kafin in koma koyar da yara. A 'yan shekarun nan iyaye 'yan uwanmu da suka zo Kanada daga Najeriya da Nijar da Gana sun fara tsayar da ni a bakin fili suna tambaya: yaro ya nace sai gola, me za mu saya, ina za mu fara, kuma abin nan yana da makoma kuwa? Don su da 'ya'yansu na rubuta wannan.

Ga wanda bai san wasan ba, ƙwallon gora ce a kan ƙanƙara. Kowane ɓangare mutum shida, ɗaya daga cikinsu gola, ana yin zango uku na minti ashirin-ashirin. Abin da ake bugawa faifan baƙar roba ne mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, nauyinsa tsakanin giram 156 da 170, kuma a manyan wasanni sai an daskarar da shi a firiza don kada ya riƙa tsalle. Ragar kuwa faɗinta ƙafa 6, tsayinta ƙafa 4. A 2012 an auna bugun Zdeno Chara ya kai kilomita 175 a awa. Ko bugun da bai wuce kilomita 130 ba, idan daga nisan mita goma ya taso, bai cika sulusin daƙiƙa zai iso gare ka. Ka riƙe wannan lissafi, don duk abin da zan faɗa a kansa ya tsaya: lokacin da ke tsakanin bugu da isowa bai isa ka gyara kuskuren tsayuwa ba.

Kayan aiki

Kwalkwali mai kejin ƙarfe. Shi ne abu ɗaya da ban yarda a sayi kwancensa ba sai an san tarihinsa, domin tsagewar ciki ba ta nunawa a waje. Na yara a Kanada dole ya kasance da tambarin hukumar tantance inganci ta CSA, kuma kejin nan mai manyan ramukan ido da ƙwararru ke sawa ba a yarda da shi a wasan yara ba, bakin sanda na iya shiga. Har zuwa ƙarshen shekarun 1950 da fuska a buɗe ake tsaron raga. Ranar 1 ga Nuwamba 1959, a New York, bugun Andy Bathgate ya fasa fuskar Jacques Plante na Montreal Canadiens. Bayan an ɗinke shi ya ce wa kocinsa Toe Blake ba zai koma fili ba sai da abin rufe fuskar da yake sawa a atisaye. Ya koma da shi, suka ci wasan, daga nan al'adar ta fara sauyawa.

Makarin wuya, da faranti mai lilo da ake ɗaurewa a haɓar kwalkwali. Yara sun tsane su, wai suna takura. Ina ba su labarin Clint Malarchuk na Buffalo Sabres, wanda ƙarfen takalmin wani ɗan wasa ya yanke masa jijiyar wuya ranar 22 ga Maris 1989. Ya rayu ne don mai kula da lafiyar ƙungiyar, tsohon ma'aikacin jinya na soja, ya iso da gudu ya danne jijiyar da yatsu. A Oktoban 2023 Adam Johnson bai tsira daga irin wannan yanka ba a Sheffield ta Ingila. A filina, ba makarin wuya, ba hawa ƙanƙara.

Katifun ƙafa. A nan iyayenmu suka fi yin kuskure, don mun taso da al'adar ɗinkin Sallah: a yi wa yaro da girma ya shekara uku yana sawa. Katifa ba ta karɓar wannan dabara. A cikinta akwai wani gurbi da aka yi don gwiwa ta sauka a tsakiyarsa. Idan katifar ta yi wa yaro tsawo, gwiwarsa za ta riƙa sauka ƙasa da gurbin ko ta daki ƙanƙara, kuma saman katifun zai riƙa karo da juna yana harɗe shi. Gara kwance daidai jikinsa da sabuwa mai girma. Yawancin ƙungiyoyin unguwa suna ba da aron kayan gola ga ƙanana, ku tambaya kafin ku kashe kuɗi.

Sauran su ne sulken ƙirji da hannuwa, wandon gola mai kauri, makarin gaba, makarin gwiwa da ake sawa ƙarƙashin katifa, safar cafe a hannu ɗaya, garkuwar hannu a ɗayan wanda ke riƙe sanda, sai sandar gola mai faɗin ƙasa. Takalmin gola daban yake da na sauran 'yan wasa: ƙarfensa ya fi tsawo, ya fi kwanciya, don tsayuwa da tafiyar gefe aka yi shi. Bayan kowane atisaye a fito da kaya daga jaka a shanya su. Kayan da suka kwana da gumi suna ruɓewa, suna kuma kawo ƙurajen fata.

1. Koyi tafiya kafin ka koyi tarewa

Gola ya kamata ya fi kowa a ƙungiya iya takalmi. Mutane suna mamaki idan na faɗi haka, don suna ganin shi ne ba ya zuwa ko'ina. Amma shi kaɗai ne ke tafiya gaba da baya da gefe cikin ɗan fili mai shuɗin fenti a bakin raga, da kaya masu nauyi, ƙirjinsa kuma bai taɓa juyawa daga faifai ba.

Tafiya uku za ka fara da su. Ta farko jan gefe ce: ƙafafu biyu na kallon gaba, ka tura da ɗaya, ɗayar ta ɗan zame. Ita ake yi idan ɗan wasa na tafe da faifai a hankali, don ba ta buɗe tsakanin ƙafafu da yawa. Ta biyu turi ne mai siffar harafin T: ka juya ƙafar gaba ta kalli inda za ka, ka tura da ta baya da ƙarfi, ka tsaya cak. Ita ce ta bin doguwar miƙa daga wannan gefe zuwa wancan. Ta uku yankan da'ira ce da ƙafa ɗaya, wadda ke kai ka gaba ko baya ba tare da ka ɗaga takalmi ba. A duka ukun tsayawa ta fi tashi muhimmanci. Golan da ya iso wuri amma jikinsa na ci gaba da zamewa, bai iso ba.

Saboda haka nake roƙon iyaye kada su kulle yaro ɗan shekara bakwai ko takwas a raga. A bar shi ya buga baya, ya buga gaba, ya shiga raga idan layinsa ya zo. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, da tsaron raga ya fara yana yaro a Alberta don sha'awar gola Grant Fuhr, daga baya ya koma gaba ya ci fiye da ƙwallo 600 a NHL, babbar gasar ƙwararru. Malcolm Subban kuwa sai da ya kai shekara 12 ya koma gola, amma Boston ta ɗauke shi a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasan NHL na 2012.

2. Tsayuwa

Ƙafafu su ɗan fi faɗin kafaɗa, gwiwa a lanƙwashe, nauyi a kan gaban tafin ƙafa da kaifin ciki na takalmi. Ƙirji a ɗage. Hannuwa biyu a gaban jiki inda idonka ke ganinsu, bakin sanda kwance a ƙanƙara, ɗan gaba da yatsun ƙafa.

Kurakurai uku nake gyarawa kullum. Akwai mai buɗe ƙafafu sosai don ya ga ya cika raga. Wannan ya riga ya kashe ƙarfin turinsa, ba abin da ya rage masa sai zubewa. Akwai mai manne safar cafe a jikin katifa, ya rufe wurin da katifa ta riga ta rufe, ya bar kusurwar sama a buɗe. Akwai kuma mai jingina sanda da yatsun takalmi, faifai na dukanta sai ya koma tsakiyar fili kai tsaye, wurin da abokan gaba ke jira. Idan akwai 'yar tazara tsakanin sanda da takalmi, sandar na shanye ƙarfin bugun.

3. Kwana da zurfi

Wannan shi ne zuciyar sana'ar, kuma a nan zan daɗe.

Ka zana layi a zuci daga tsakiyar raga zuwa faifai. Cibiyarka ta hau kan wannan layi, kafaɗunka biyu su fuskanci faifan daidai wa daida. Na ce faifai, ban ce mutum ba. Ɗan wasa yana riƙe faifai a gefensa, wani lokaci kusan mita guda daga jikinsa. Sabon gola yakan daidaita da ƙirjin mai bugu, don mutum idonsa ya saba bi, sai ya bar gefe ɗaya na raga a buɗe bai sani ba. Abin da nake yi wa yara shi ne in ɗaura igiya biyu a ƙarafan raga na dama da hagu, in haɗa bakinsu a kan faifai, in ce yaro ya kwanta ya sa idonsa daidai faifan ya dubi ragar. A nan yake gane cewa abin da mai bugu ke gani daban, abin da faifai ke gani daban, kuma faifai ne zai shiga raga.

Igiyoyin nan suna koyar da abu na biyu. Kusa da faifai sun matse, kusa da raga sun buɗe. Idan ka fito gaba kana rufe raga da yawa ba tare da ka motsa hannu ba. To me zai hana ka fito can nesa kullum? Miƙa. Duk takun da ka yi gaba ya ƙara maka nisan da za ka koma idan aka miƙa faifai ga wani a ɗaya gefen. Zurfi ciniki ne, kowane lokaci kana sayen abu kana sayar da wani. Idan mai bugu shi kaɗai ne, ba wanda zai miƙa wa, fito bakin shuɗin fenti ko ka ɗan wuce. Idan akwai wani a ɓoye a bayan 'yan bayanka, ja baya. Don haka kafin faifai ya iso yankinku, ka saci kallo hagu da dama, ka ƙirga mutane, ka san wane hannu kowa ke riƙe sanda.

Babu zurfi ɗaya da ya dace da kowa. Henrik Lundqvist ya yi shekara goma sha biyar a New York Rangers yana tsayawa can ciki kusa da layin raga, yana dogara da saurin idonsa da gajeruwar tafiya. Wasu sun yi suna da fitowa gaba. Gajeren yaro dole ya fi dogo fitowa. Abin da ba ya canzawa shi ne jerin: kwana da farko, fuskanta ta biyu, zurfi na uku. Idan lokaci ya ƙure maka, ka bar zurfi ka kama layi.

4. Ido

Ka ga faifai tun yana bakin sanda, ka bi shi har ya shiga safarka ko ya daki katifarka, ka kuma bi shi bayan ya daka. Da kai ake bi, ba da ƙwayar ido kaɗai ba: hanci ya nuna faifai. Inda kai ya juya, kafaɗa da hannu suna biye.

Bakin sanda yana ba da labari kafin bugu. Idan ya buɗe yana kallon sama, faifai sama zai tashi. Idan ya kife a kan faifai, ƙasa-ƙasa zai zo. Abokan gaba sun san haka, shi ya sa suke tsayar da ƙato a gabanka ya tare maka gani. Kada ka ɓata ƙarfinka wajen ture shi, wannan aikin ɗan bayanka ne. Leƙa ta kafaɗarsa ko ta gefen ƙugunsa, kuma ka fi leƙawa ta gefen da ke kusa da faifai. Idan ka rasa ganin bugun gaba ɗaya, a nan ne zubewa da cika wuri ke da hujja.

Vladislav Tretiak na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, wanda Anatoli Tarasov ya horar, ya shahara da atisayen ƙwallon tanis a jikin bango. Har yau ban ga abin da ya fi shi araha da amfani ba. Ƙwallo biyu, bango, minti goma a rana.

5. Zubewa, a lokacinta

Salon da ake zubewa bisa gwiwa a baje katifu hagu da dama sunan malam-buɗe-littafi aka ba shi, don katifun suna buɗewa kamar fukafukansa. Glenn Hall, mutumin da ya tsare raga wasa 502 a jere ba fashi, yana cikin waɗanda suka fara shi, Tony Esposito ya biyo. Amma Patrick Roy da kocinsa François Allaire ne suka mai da shi tsari a Montreal a tsakiyar shekarun 1980, bisa lura da cewa yawancin bugu ƙasa-ƙasa yake zuwa. Roy ya ɗauki kofin Stanley, kofin zakarun NHL, a 1986 yana ɗan shekara 20, yaran Quebec suka bi sahunsa, duniya ta bi su.

Yadda ake yi: ka kora gwiwoyi ƙasa da ƙarfi, su haɗu a tsakiya, katifu su kwanta a kan gefensu su manne da ƙanƙara. Sanda ta rufe ramin da ke tsakanin ƙafafu. Ƙugu a sama, ƙirji a miƙe, hannuwa su tsaya a gaba. Mai zama a kan dugadugansa ya rage tsawonsa da kansa, ya ba da saman raga kyauta.

Sharaɗin shi ne bugu ya tashi tukuna. Wanda ya zube da wuri ya nuna wa mai bugu katinsa, kuma ya mai da kansa gurgu, don tafiya bisa gwiwa ba ta kai tafiya bisa ƙafa sauri ba. Haka abin yake idan ɗan wasa ya kuɓuce ya taho shi kaɗai: fito ka tarye shi, ka riƙa ja da baya daidai saurinsa, ka bar shi ya fara motsi. Wanda ya fara motsi a cikinku shi ne ya faɗi.

Wajen tashi, kai ne ke fara juyawa ya nemo faifai, kafaɗa ta bi, sannan ƙafa. Idan faifai ya tafi damanka, ƙafar hagu za ka kafa, don ita za ta tura ka. Yara da yawa suna da ƙafa ɗaya da suke tashi da ita ko ina faifai ya nufa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai gargaɗi a nan da nake so iyaye su ji da kyau. Zubewar nan tana murɗa ƙashin cinya ciki a gurbin ƙugu, kuma maimaita ta sau dubbai, musamman a shekarun da ƙashi ke girma, tana jawo ciwon ƙugu da ya kai masu tsaron raga da yawa ga tiyata. Pekka Rinne na Nashville an yi masa aikin ƙugu a 2013. Haka ma zaman jingina da ƙarfen raga da ake kira RVH, inda ƙafa ɗaya ke kwance a jikin ƙarfe: an yi shi ne don lokacin da faifai ke bayan raga ko dab da ita, amma yara sun mai da shi wurin hutu, ana cin su ta saman kafaɗa, suna kuma cin ƙugunsu. A ƙayyade yawan zubewa a atisaye. A sassauta igiyar da ke ɗaure katifa da bakin takalmi don ƙafa ta samu sakewa. Ni kaina na taɓa yagewar naman matsematsi don na hau ƙanƙara a makare ban ɗumama jiki ba, na yi wata biyu a gefe, kuma har yau idan sanyi ya tsananta ina jin wurin. Yaron da ya ce ƙugunsa ko matsematsinsa na ciwo a kai shi a duba, kada a ce masa ya daure.

6. Kada ka yi amai a tsakiya

Tare bugun farko rabin aiki ne. Ƙwallaye masu yawa daga abin da gola ya amayar suke fitowa. Wanda ya zo ƙirji, ka lanƙwasa ka rungume shi. Wanda ya zo safa, ka cafe ka riƙe, alƙali ya busa. Wanda ya zo ƙasa, ka karkata sanda ya tafi kusurwar fili. Wanda ya zo garkuwa, ɗan juyin wuyan hannu ya isa ya aika shi kusurwa. Kada ka kai masa naushi.

7. Baki da sanda

Kai kaɗai ne ke fuskantar fili duka, ɗan bayanka kuwa sau da yawa yana bin faifai fuskarsa na kallon bango. Gaya masa akwai mutum a bayansa, gaya masa yana da lokaci, gaya masa ya kauce ka gani. Kalma ɗaya, da ƙarfi. Idan mutum biyu suka taho wa ɗan baya ɗaya, ƙa'idar da aka saba ita ce shi ya tare miƙa, kai ka ɗauki mai faifai.

Wasa da sanda kuwa ka fara da mai sauƙi: ka fita bayan raga ka tsayar da faifan da aka zagayo da shi ta jikin bango, ka ajiye wa ɗan bayanka, ka koma. Martin Brodeur na New Jersey Devils, mai nasara 691, ya ƙware a wannan har ya zama kamar ɗan baya na uku, kuma a 2005 NHL ta shata wani fili a bayan raga ta hana gola taɓa faifai a kusurwoyin da ke wajensa. Kafin ka kai can, ka sani fita da shakka ta fi rashin fita muni. In za ka fita, fita. In ba ka tabbata ba, zauna.

8. Bayan an ci ka

Za a ci ka. Wanda ya fi kowa a duniya ma, cikin bugu goma ana cin sa kusan ɗaya. Kuskuren ɗan gaba yakan wuce ba wanda ya lura, naka kuwa jar fitila ake kunna masa a bayanka. Ka samu wata 'yar al'ada da kake yi kowane lokaci: ka sha ruwa, ka share ƙanƙarar gabanka, ka ja numfashi, ka koma tsayuwa. Nazarin abin da ya faru na gobe ne, da bidiyo da littafinka. Kuma kada ka taɓa ɗaga hannu ko ka harari ɗan bayanka a gaban jama'a, shi ne zai kwanta ya tare bugu da jikinsa dominka anjima.

Iyaye, a mota kan hanyar gida kada ku buɗe shari'a. Nauyin da ke kan gola na gaske ne. Robin Lehner ya fito fili a 2018 ya yi bayanin larurar ƙwaƙwalwa da shaye-shayen da ya yi fama da su, Carey Price kuma, wanda ya zama gwarzon NHL a 2015, ya ajiye wasa a 2021 ya nemi taimako. Idan bugu ya sami kwalkwali yaro ya ce kansa na juyawa ko haske na damunsa, wasansa na ranar ya ƙare, sai likita ya sallame shi. Ga masu azumi kuma, gola na zubar da gumi sosai a cikin kayan nan duk da sanyin fili, don haka ku yi magana da koci tun kafin watan ya kama.

9. Tsani

Yanzu ga tambayar makoma. NHL tana da ƙungiya 32, kowace da gola biyu. Kujera 64 ke nan, ana nemansu daga Kanada da Amurka da Rasha da Suwidin da Finlan da Cek da sauransu. Hanyar da aka saba a nan ita ce wasan yara har zuwa shekara 15 ko 16, sai gasar matasa, wato WHL ko OHL ko QMJHL, ko kuwa jami'o'in Amurka. A shekara 18 ake shiga zaɓen NHL mai zagaye bakwai. Wanda aka zaɓa ma yawanci sai ya yi shekaru a ƙananan gasa na AHL ko ECHL, yana kwana a bas tsakanin garuruwa. Wasu kuma a Turai suke cin abincinsu har su yi ritaya, kuma sana'a ce mai mutunci.

Ana auna gola da kason bugun da ya tare. Tsakanin mai tare 915 cikin 1,000 da mai tare 900, ido ba zai ga bambanci a wasa ɗaya ba, amma a bugu 1,500 na kaka guda ya haura ƙwallo ashirin. A wasan yara kada ku damu da wannan lissafi, ƙarfin ƙungiya ne ya fi rinjayarsa. Golan ƙungiya mai rauni da ke shan bugu arba'in ya fi koyo a kan wanda ke tsaye yana jin sanyi a bayan zakaru.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne gola ba ya nuna da wuri. Karatun wasa sai an ga dubban hare-hare yake zama a kai. Dominik Hasek, na 199 aka zaɓe shi a 1983, bai zama golan farko a Buffalo ba sai yana da shekara 28, daga nan ya ɗauki kyautar Vezina ta gwarzon gola sau shida. Lundqvist na 205 ne a 2000, Rinne na 258 a 2004. Ed Belfour da Sergei Bobrovsky ba wanda ya zaɓe su sam. Tim Thomas ya yi yawo a ƙananan gasa da Finlan da Suwidin, ya ɗauki kofin Stanley da Boston a 2011 yana da shekara 37. Namu na nan Winnipeg, Connor Hellebuyck, daga wata ƙungiyar matasa a Odessa ta jihar Texas aka tsinto shi, na 130 a 2012, ga shi ya ɗauki Vezina sau uku. Don haka idan an ajiye ɗanku a rukuni na biyu yana ɗan shekara 12, ba a rufe masa ƙofa ba. Kuma kada a saki karatu: WHL tana biya wa ɗan wasa kuɗin karatun shekara guda a jami'a kan kowace kakar da ya buga mata, ku tambayi irin wannan tun kafin ku sa hannu a takarda.

Ɗawainiyar kuwa ta gida duka ce. Mahaifin Carey Price yakan kai shi atisaye daga Anahim Lake zuwa Williams Lake, tafiyar kusan kilomita 320, har daga baya ya sayi ƙaramin jirgin sama don rage hanya. Ba kowa ke da wannan hali ba, ba kuma dole ba ne. Amma tashin asuba cikin sanyin Janairu, da kuɗin kaya duk shekara biyu, da zama a benci mai sanyi kana kallon ana yi wa ɗanka ruwan faifai, waɗannan ku zauna ku yi shawara a kansu tun yanzu. Da bazara a ajiye katifu wata biyu ko uku, yaro ya buga ƙwallon ƙafa, ya yi iyo, ƙugunsa ya huta.

Ranar farko da za ku kawo mini shi, ku iso minti talatin kafin lokaci don ɗaura kaya, ku kuma gaya masa tun a gida cewa minti ashirin na farko ba zai ga faifai ko ɗaya ba. Bokitin faifai yana nan a kan benci, sai ya iya tafiya daga ƙarfen dama zuwa bakin shuɗin fenti ya tsaya cak sannan zan buɗe shi.